Gidan Da Ba Shi Da Zaure

Tun da daɗewa mutanen ƙasar Haɗejiya su ke zuwa Kano neman abinci, amma a zamanin nan wata tambaya ta taso musu wadda kakanninsu ba su san ta ba. Tambayar kuwa ita ce: mutumin da ya kama hayar sabon gida a birni, ya biya da guminsa, ko yana da ikon rufe ƙofarsa ga danginsa da suka zo daga gida? In ya rufe, ya yi laifi ko bai yi ba? In kuma ya buɗe, ina ne iyakar abin da ya wajaba a kansa? Waɗansu suna ganin magana ce ƙarama, alhali kuwa ta raba wa da ƙane, ta girgiza aure, ta sa an hana mutum sabunta haya bayan shekara ta cika. Saboda haka ta cancanci a zauna a auna ta da hankali.

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san abin da ke kawo baƙin. Kogin Haɗejiya daga ƙasar Kano ya ke tasowa. Kogin Kano da na Challawa su ke haɗuwa kafin Wudil, sa'an nan ruwan ya gangara ta Ringim, ya wuce ta Haɗejiya, ya bazu cikin fadamu har wajen Nguru, daga bisani ya gamu da kogin Jama'are su nufi Tafkin Chadi. Wannan ruwa shi ne arzikin ƙasar. Da shi a ke noman shinkafa da alkama da tattasai, a cikinsa masunta su ke kamun kifi, a bakinsa makiyaya su ke cin rani. Amma kuma shi ne masifarta. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sake. Yashi ya taru a hanyoyinsa, ciyawar nan da a ke kira kacala ta toshe waɗansu. In damina ta yi ƙarfi, wajen watan Agusta da Satumba, sai ruwa ya rasa hanya, ya bi gonaki da garuruwa. Haka aka yi a 2012, da 2018, da 2020, da 2022, sa'ad da mutanen ƙauyuka da yawa na Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kiri Kasamma suka ga gidajensu na ƙasa sun narke, shinkafarsu ta nutse tun ba ta nuna ba.

Hanyar Kano kuwa a buɗe ta ke tun da. Jirgin ƙasa ya isa Nguru a 1930, yana bi ta Malam Madori. Ƙasar Haɗejiya tana cikin Lardin Kano a zamanin Turawa, ta kuma zauna cikin Jihar Kano daga 1967 har 1991, shekarar da aka kafa Jihar Jigawa aka sa hedkwatarta a Dutse. Ko da ya ke ofisoshin gwamnati sun koma Dutse, manyan kasuwanni da manyan asibitoci suna nan a Kano. Akwai ma titi a cikin birnin da a ke kira titin Haɗejiya, a kansa kasuwar Yankaba ta ke, inda a ke sauke kayan gwari. Mai ciwon da ya gagari asibitin gida a kan tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Watau baƙon da ke zuwa daga Haɗejiya ba kullum ne ya ke zuwa yawon buɗe ido ba. Sau da yawa ruwa ne ya kore shi, ko ciwo ya tuƙo shi.

A da ba a tambayar inda baƙo zai sauka, domin ginin gidan Bahaushe ya riga ya ba da amsa. Zaure ne a gaba, sa'an nan filin ƙofar gida da ɗakin samari, sa'an nan shigifa, kana cikin gida. Baƙo namiji ya kan kwana a zaure ko a ɗakin samari, ba ya ganin matan gida, su ma ba sa ganinsa; akushi ne kaɗai ke fitowa ya koma. Baƙuwa kuma ta shige wajen 'yan'uwanta mata. Fatake ma haka su ke yi a Fagge, da Sabo ta Ibadan, da zangon Kumasi: fatoma ya ba su ɗaki da abinci, ba ya karɓar kuɗin kwana, sai la'ada in an yi ciniki. Da haka mai gida ya kan sauke hakkin baƙo ba tare da ya tauye hakkin iyalinsa ba. Hikimar zaure ke nan: wuri ne da ke cikin gida, amma bai shiga cikin sirrin gida ba.

To, Kano ta cika ta tumbatsa. A ƙidayar 1952 mutanen birnin ba su kai dubu 150 ba, yau kuwa sun haura miliyan uku. Fili ya yi tsada, siminti ya yi tsada, saboda haka mai kuɗi in ya sami fuloti a Hotoro, ko Na'ibawa, ko Rijiyar Zaki, sai ya ɗora bene, ya raba shi sashe huɗu ko shida. Kowane sashe ciki biyu ne da falo, da kicin, da banɗaki. Ba ya gina zaure, gama zaure ba ya kawo kuɗin haya. A madadinsa sai a kafa ƙyauren ƙarfe, a zaunar da maigadi. Duk wanda ya wuce maigadi, falo zai faɗa, falon kuwa nan matar gida ta ke wuni, nan yara su ke karatu.

Kama irin wannan gida yana da nasa sharuɗɗa. Dillali ne ke nuna wa mutum, a biya shi la'ada. Kuɗin shekara guda a ke bayarwa gaba ɗaya, wani mai gidan ma ya ce sai na biyu. Al'adar ta yi nauyi har Jihar Legas ta kafa doka a 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya; a Ingila kuwa galibi wata-wata a ke biya. Ban da wannan, mai sabon gida ya fi kowa tsanani, domin yana kishin fentinsa da tayil ɗinsa da tankin ruwansa. Tun kafin a ba da makulli a kan tambayi mutum: matanka nawa, 'ya'yanka nawa? Ranar da ɗan haya ya tare, ga shi cikin gida mai ƙyalli, amma aljihunsa wayam, ya kuma riga ya faɗi adadin waɗanda za su zauna.

A ɗauka ga wani ɗan Haɗejiya, ma'aikacin ofis, da matarsa da 'ya'ya biyu, ya kama irin wannan sashe, ya shaida wa dillali su huɗu ne. Watan Satumba ya kama, ruwa ya ci garinsu. Sai baffansa, wanda ya riƙe shi tun yana yaro ya kuma biya masa kuɗin makaranta da shinkafar fadama, ya buga waya ya ce, "Ɗana, ga mu nan tafe gobe da innarka. Likita ya ce ƙoda ce, sai Kano." Ciwon ƙoda kuwa, wanda mutanen Haɗejiya da Gashuwa suka daɗe suna kuka da yawansa, ba jinyar kwana uku ba ce. Ba a jima ba kuma sai ga ɗan maƙwabcinsu na gida da jaka a kafaɗa, ya zo neman aiki. Me ya kamata mutumin nan ya yi? Hakki uku ne suka taru a bakin ƙofarsa, kowanne kuwa na gaskiya ne.

Na farko hakkin mai gida. Gidan haya amana ne a hannun ɗan haya. Amfaninsa aka sayar masa zuwa wani lokaci, ba ginin ba. Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, sun sharɗanta cewa haya ba ta inganta sai an san kuɗin, an kuma san wa'adin. Manufar ita ce kada ɗayansu ya shiga ciniki a duhu. Mai gida ya auna ruwan rijiyar burtsatse da girman masai da adadin da aka faɗa masa. In mutum huɗu suka koma tara har watanni, tanki ya kan ƙare kafin azahar, masai ya cika kafin lokacinsa, maƙwabtan sama da na ƙasa su sha wahalar da ba su jawo ba. Wanda ya yi alkawari ya karya, ko da don alheri ya karya, ya yi kyauta ne da dukiyar wani.

Na biyu hakkin iyali. Namiji ya kan yi saurin cewa "bismilla, ku zo," sa'an nan da safe ya saɓa rigarsa ya tafi ofis. Matar gida ce za ta girka, ta wanke, ta wuni da mayafi cikin zafin bazara domin ga baƙo namiji a falo, ta kuma jira layin banɗaki a gidanta. Kuɗin cefanen mutum huɗu ba ya ƙaruwa don baki sun ƙaru. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Karimcin da ba a shawarci wadda za ta ɗauki nauyinsa ba, rabinsa zalunci ne, ko da mutanen gari suna yabon mai gida.

Na uku hakkin dangi, shi ne kuwa mafi tsufa. Mutumin nan bai faɗo daga sama ya sami kansa a ofis ba. Shinkafar fadama ce ta kai shi makaranta, kowace kaka kuma buhun shinkafa da bandar kifi suna zuwa masa a mota, ba a taɓa tambayarsa kuɗi ba. Shekarar da ruwa ya ci gona buhu bai zo ba, sai masu aiko shi suka zo. In ya karɓi buhu shekara goma, ya ƙi mai buhu shekara ɗaya, ba sunan da za a kira wannan sai butulci. Addini ya sa wa baƙo hakkin kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ne; amma baffan da ya riƙe mutum ba baƙo ba ne, uba ne. Kuɗin haya yana sayen ɗaki da makulli, amma babu rasiɗin da ke yanke zumunta.

Wani zai ce, ai irin wannan magana ita ce ta hana ɗan Arewa tara abin kansa. Duk wanda ya ɗaga kai sai dangi su rataya a wuyansa, ya shekara ashirin yana biyan haya bai sayi ko fuloti ba, ya tsufa a gidan wani. Maganar nan akwai gaskiya a cikinta, ba kuwa daidai ba ne a yi watsi da ita. Akwai baƙon da ya zo neman aiki, ya sami falo mai fanka da talabijin, ya manta da abin da ya kawo shi. An ce baƙo raɓa ne. Wanda ya kai wata shida ba tare da larura ba ya zama ruwan kwance. Amma fa wannan hujja ce a kan mai kwaɗayi, ba a kan majinyaci ba. Laifin da mutane su kan yi shi ne su fake da halin na farkon su kori na biyun.

To, in an ɗora hakkin nan uku a ma'auni, abu na farko da zai bayyana shi ne ba dukkan baƙi ne ɗaya ba. Wanda ruwa ya rushe wa ɗaki, da wanda ciwo ya kawo, suna gaba. Wanda ya zo neman aiki yana da hakkin kwanakin baƙunci da taimakon neman wurin zama. Wanda ya zo ganin gari hakkinsa bai wuce gaisuwa da abinci ba. Abu na biyu kuma shi ne ƙofa dabam, gado dabam. Mutum yana iya rasa wurin da zai shimfiɗa wa ɗan'uwansa, amma ba ya rasa ƙafar da zai tarye shi a tasha, ya kai shi asibiti, ya tsaya masa wajen yankan kati, ya nema masa ɗaki ɗaya kusa da asibitin ya biya abin da ya iya, ya riƙa kai abinci safe da yamma. Zumunta a ƙafa ta ke, kuma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Saboda haka ƙarancin ɗaki ba laifi ba ne. Laifi shi ne ƙarya da ɓuya: mutum ya kashe waya, ko ya gaya wa maigadi ya ce ya yi tafiya, ko ya ɓoye wa dangi unguwar da ya koma. Baffan da aka ce masa, "Baffa, gidan nan ba nawa ba ne, kuma ƙarami ne. Inna za ta kwana ɗakin yara, kai da ni mu yi falo har mako ya zagayo, kafin nan na samo muku ɗaki kusa da asibiti," zai fahimta, domin shi ma ya san daidai ruwa daidai tsaki. Amma wanda ya tsaya a bakin ƙyaure da mara lafiya cikin rana, yana jin muryar ɗansa daga bene alhali an ce ba ya nan, ba zai manta ba har ya koma ga Allah. Haka nan wajen mai gida: gara a je masa tun da wuri a ce, "Alhaji, larura ta same ni, iyayena za su yi kwana kaza, zan ƙara kuɗin ruwa," da a shigo da su da dare a ɓoye kamar kayan sata. Yawancin masu gidaje su ma 'ya'yan wasu ne, abin da su ke ƙi shi ne a raina musu hankali.

Akwai kuma abin da ya fi duka muhimmanci, watau hukuncin nan ba ranar da baƙo ya zo a ke yanke shi ba, tun ranar da a ke zaɓen gida ne. Mutumin da ya fito daga bakin kogi ya san ruwa zai dawo, ya san iyayensa suna tsufa. In dillali ya nuna masa gida biyu a kuɗi ɗaya, ɗaya sabo fil mai tayil da ƙyalli amma ciki biyu, ɗayan kuwa ya ɗan kwana biyu amma yana da ɗaki a ƙofar gida, to, ranar nan ce zai zaɓa tsakanin idon abokai da hakkin dangi. Sabon fenti shekara biyu ya ke yi ya dushe, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Wanda ya kwashe dukkan abin da ya tara ya zuba a hayar da ta fi ƙarfinsa, don a ce wane a bene ya ke, ya riga ya rufe ƙofarsa tun ba a ƙwanƙwasa ba. In ya ce wa baffansa "ba ni da hali," gaskiya ya faɗa, amma shi ya jawo rashin halin da hannunsa. Ya kamata kuma tun ranar ciniki ya shaida wa dillali cewa shi mai dangi ne, baƙi za su riƙa zuwa jefi-jefi, a rubuta haka cikin yarjejeniya.

Sauran mutane ma kowa da nasa rabon. Baƙo ya sanar kafin ya taso, ya faɗi kwanakin da zai yi, ya riƙo abin da ya sawwaƙa, ya kuma kiyaye mutuncin matar gida. Mutanen gida su daina auna arzikin ɗansu da tsawon benen da ya ke ciki, gama yana iya yiwuwa bashi ya ci ya biya. Masu gina gidajen haya, in sun ware ɗaki ɗaya kusa da ƙyaure don baƙin dukkan 'yan haya, sun mayar da zaure cikin sabuwar siffa, kuɗin da za su rasa kuwa bai kai albarkar da za su samu ba. 'Yan gari ɗaya da ke zaune a Kano su ma, in suka haɗa kuɗi suka kama masauki kusa da asibiti domin majinyatansu, sun sauke wa junansu kaya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amsar tambayar ke nan. Ɗan haya yana da ikon ya iyakance waɗanda za su kwana a ɗakinsa, domin ɗakin amana ne, iyalinsa kuma suna da hakki. Amma ba shi da ikon ya iyakance waɗanda za su same shi in sun shiga wahala. Magini ne ya bar zaure daga cikin gini, don shi riba ya ke nema. Aikin da zaure ke yi kuwa yana nan a wuyan mai zama cikin gidan, ko a Hotoro ya ke ko a Legas. Duk wanda ya riƙe wannan, ya yi gaskiya ga mai gida, ya shawarci iyalinsa, ya tsaya wa danginsa gwargwadon ƙarfinsa, to, ran da wa'adin haya ya cika ya miƙa makulli, zai tarar yana da inda zai koma. Allah ya sa a gane, ya kuma kiyaye mutanen bakin kogi daga sharrin ambaliya, amin.